Yadda Na Riƙa Rage wa Baba Illo Rai

Duk ranar da wani matashi ya tsaya a bakin rumfata a Madawa ya ce, "Baba Arzika, ai kai hutu kaka yi, ka kunna tele ka miƙe ƙahwa," sai in ji kamar in jefe shi da maneti, abin latsawar nan da ake riƙewa a yi wasa. Ba na jifa, don maneti mai kyau wuyar samu gare shi. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da wasa a cikin salula, gani kuke yi latse-latse ne kawai. To ku matso ku ji. A cikin sana'ar nan ta gidan wasan tele na taɓa riƙe ran wani dattijo, ran gaske, kuma kayan aikina reza ce da baƙin sikoci, wannan da masu gyaran kuran, wato lantarki, suke naɗe waya da shi.

Aikin farko da maigidana Sha'aibu ya ba ni shi ne hura kaset ɗin wasa don ƙura ta fita. Shi ya dawo daga ci-rani a bakin teku da tele mai ƙatuwar ƙeya da na'urar wasa, ya kafa rumfa kusa da tasha. Na hura kaset har kumatuna suka yi ciwo. Daga nan na koyi buɗe maneti, in goge robar da ke ƙarƙashin maɓallai, in shafa mata bakin fensir don ta sake kamawa. Na koyi ɗaure waya da zare a daidai inda yara suke fizga. Amma babban darasin ya zo ranar da ya kama ni na saki baki ina kallon dambe a gilashin tele. Ya dungure mini kai.

"Kai ba ɗan kallo ba na. Bar musu tsakiya, kai dubi bisa."

A sama ake nuna rai, kuma kowane wasa da yadda yake nuna nasa. Akwai mai jera zukata uku jajaye, in aka taɓa ka ɗaya ta ɓace. Wani malami a Azarori ya taɓa tsayawa ya kalli wannan, ya ce mutum mai zuciya uku ba abin yarda ba ne, ya janye 'ya'yansa. Akwai mai rubuta lamba. Akwai mai sa fuskar mutumin a ƙasan gilashi, tana kumbura gwargwadon dukan da ya sha. Amma wanda ya ciyar da ni shi ne na 'yan dambe: doguwar sanda rawaya a sama, kowa da tasa, duk naushi tana raguwa, in ta ƙare mutum ya faɗi. Yara rai kawai suke ce mata. Mai gidan wasan da ya iya karanta ta ya san wa zai tashi daga benci, wa zai buga maneti da ƙasa, wa zai rantse maɓallinsa ne ya maƙale. Kafin sandar ta ƙare ya kamata kana tsaye a bayan mai faɗuwa, hannunka a kan waya.

Da na tsaya da ƙafata sai na bar gari na bi kasuwanni. Tele a naɗe cikin bargo, ƙaramin gurup na ba da wuta a gefe, ni a kansu, a bayan motar kasuwa tare da awaki da buhunan albasa. Bangi, Tabotaki, wani lokaci har Keita. A kasuwar Bangi na haɗu da Baba Illo, kuma faɗa ne ya kawo shi. Igiya yake sayarwa a bayan rumfata, amma a zamaninsa ɗan kokowa ne da ake jin sunansa har Buza. Ya zo da sandarsa yana cewa ƙarar gurup ta hana shi jin ciniki. Yana cikin wanke ni tas sai idonsa ya faɗa kan gilashi, daidai inda ake zaɓen 'yan dambe. A cikinsu akwai wani tsoho mai farin gemu, ƙirji a waje, damatsa kamar turmi, da igiya a ƙugu. Baba Illo ya sauke sandarsa. Ya matso har numfashinsa ya taɓa gilashin.

"Wa yaɗ ɗauki hotona?"

Na ce, "Baba, zane na. Can wata ƙasa mai nisa anka yi shi."

"Ai na san sunana ya yi nisa."

Don in nuna masa zane ne sai na latsa. Tsohon ya fito fili yana rausaya, ya dunƙule hannu, sanda rawaya a kansa cike taf. Baba Illo ya tambaye ni mene ne wannan. Na yi masa bayani tsakani da Allah: ran ɗan wasan ne, in ta cika yana lafiya, in ta ragu ya jigata, kuma ba ruwanta da ɗan Adam mai jini a jika. Rabin farko na maganar ya ɗauka, rabin na biyu ya bar mini kayana.

Daga ranar, kowace kasuwa kafin ya kwance igiyoyinsa sai ya zo ya tsaya. "Arzika, buɗe mu ga." In kunna, in sa wasan a kan mutum biyu, in ajiye maneti na biyu a ƙarƙashin cinyata don kada kowa ya taɓa shi. Tsohon gilashi ya tsaya yana rausaya, tsohon Bangi ya tsaya yana gyaɗa kai. Sanda cike. Ya ce alhamdu lillahi ya koma. Ya kuma kafa doka cewa babu yaron da zai ƙara zaɓen wannan ɗan damben, don wata rana wani ya zaɓe shi aka lakaɗa masa duka, shi kuma ya kwana da ciwon haƙarƙari. Ni dariya abin yake ba ni. Faɗan gurup ya mutu, har igiyar ɗaure kaya yake ba ni kyauta.

Dariyar ta ƙare ranar da 'yarsa Habsu ta zo. Fura take sayarwa a bakin kasuwa. Ta dire ƙwaryarta a kan bencina, ba sallama.

"Kai na mai tele? Majo, babban ma'aikacin lahiya, ya auna babana ga gidan likita, ya ce jininai ya hau, ya ba shi ƙwaya ya riƙa sha kullum da sahe. Ya sha kwana kaɗan ya aje. Wai tele ta hi abin majo gani, tunda ita har hoto taka nunawa. Jiya ya tashi daga alwala sai da ya dahe bango. In babana yah hwaɗi, wallahi yashi nika zuba ma gurup ɗinka, abin da yar rage in zuba maka."

Na ce mata ai tun farko na gaya masa gaskiya. Ta ce gaskiyar da ba ta sa shi shan magani ba, in riƙe abata. Na ji tsoro, kuma ba tsoron yashi kaɗai ba. Mutum ne zai mutu don wata sanda da ke cika kanta a farkon kowane zagaye.

Na san abin da za ku ce, don ku komai sauƙi ne a wurinku. Za ku ce in sa a naushe shi sandar ta ragu. Na gwada. Na ba wani saurayi maneti na biyu a ɓoye, shi kuma shashashan ya zaɓi wata yarinya mai mafici biyu. Ta tashi sama ta shimfiɗa wa tsohon ƙafa a gemu. Baba Illo ya ɗaga sandarsa yana ihu, "Ɗiyar wa ta? Wa yat turo ta?" Sai da mahauta suka bar nama suka riƙe shi. Kuma bai ga alamar ciwo a ciki ba, rashin kunya ya gani. Abin da nake bukata shi ne sandar ta fito a rage tun daga farko, ba wanda ya taɓa shi. Sai dabara ta faɗo mini: in rufe wani ɓangare na sandar da baƙin sikoci a kan gilashi.

Aikin sikoci kuwa ba liƙawa kawai ba ne. Da farko sai ka zaɓi filin dambe mai duhu, akwai wani na cikin kogo, don baƙin ya ɓace a cikin baƙi. Sai ka goge gilashi da tsumma mai ɗan laima, in ba haka ba ƙura ta fito da gefen sikocin. Sai ka yanka da sabuwar reza daidai kaurin sandar, ka liƙa daga ɓangaren da take fara raguwa, don yaran kasuwa sun san wannan, kuma bakinsu ba ya shiru. Babbar matsalar ita ce gurup. In ya yi tari hoton tsohuwar tele sai ya tsuke ya saki, sandar ta zame daga ƙarƙashin sikoci ta leƙo. Saboda haka ranar Bangi ba na sa esansi, wato fetur, na bakin hanya sai na tace shi da ƙyalle. Ga zafi kuma, da rana ta take sai danƙon ya narke sikocin ya fara sulɓewa. Dole awon Baba Illo ya zama da hantsi.

Ranar farko na rufe masa fiye da rabi. Ya zo da fara'arsa, na kunna, fara'ar ta tafi.

"Subhanallahi. Arzika, wa yac ci mini rai?"

"Ba kowa, Baba. Ga ka nan tsaye ba wanda yat taɓa ka. Daga ciki na."

Ya daɗe yana kallo. Bai kwance igiya ba ranar. Habsu ta ce yana isa gida ya sa aka kakkaɓe ƙasan tabarma ana neman ƙwayoyin da ya watsar.

To nan sana'ar ta fara, don ciwon nan ba a gama maganinsa. In na bar sandar a rage zai ce ƙwaya ba ta aiki. In na cika ta zai ce ya warke. Sai na zama kamar mai ba jaki dusa a tafin hannu yana tafiya da baya. Kowace kasuwa Habsu za ta riga shi zuwa ta ba ni labari. In ta ce ya sha kullum, in yanke masa faɗin farce daga sikocin. In ta ce ya tsallake, in ƙara sikoci. In ta ce an yi suna ya cika cikinsa da nama mai gishiri, in ƙara faɗin yatsa, in kuma yi fuskar jimami kafin ya iso. Har ya fara zuwa yana ba da haƙuri tun daga nesa, wai miyar ce ta matar ƙanensa, ba ya iya ƙi.

Labari ya bazu, tsofaffi suka fara yin layi a gaban yara. Wata mai daddawa ta dage sai an nemo mata nata hoton. Da ba a samu mai kama da ita ba, ta ce a ba ta damisar nan mai tsayuwa da ƙafa biyu, ai halinsu ɗaya. Duk wanda ya zo sai in nuna masa sanda a rage in ce ya je likita a duba. Shi ya sa majo da kansa ya zo wata kasuwa a kan moto mai ƙafa biyu, fuska a ɗaure. Ya sunkuya ya kalli gilashin daga gefe, ya sa farce ya taɓa bakin sikocin. Ya ce abin da nake yi ba daidai ba ne, kuma yana da gaskiya. Ya ce shekara nawa yana wa mutanen nan magana da hankali. Ya hau motonsa, ya tayar, sannan ya waiwayo.

"Ban gani ba, ban ji ba. Amma na Illo, kar ka kuskura ka cika shi."

Shekarar da ta kusa tashina daga sana'a, damina ta yi gardama, samari suka watse ci-rani tun kafin a ɗaure damman gero, waɗanda suka rage kuma kowa da wasansa a salula. Ana cikin haka, muna dawowa daga Tabotaki motar kasuwa ta dira a cikin ƙorama, tele ta yi tsalle daga bargonta ta bugi ƙarfe. Gilashin bai fashe ba, amma ba ta ƙara kawo haske ba. Na kai ta wurin masu gyara, kowa ya buɗe ƙeyarta ya rufe ya ce irin kayan nan an daina kawo su. Ƙanena da ke aiki a Aljeriya ya tausaya mini ya aiko da sabuwar tele shafal kamar faifai, da sabuwar na'ura. Na yi murna har na yanka zakara. Tsohon wasana bai shiga cikinta ba. Abin da ya zo da ita wasan soja ne.

Na koma Bangi, Baba Illo na jira.

"Ina nike?"

Na ce masa a wannan ba a ganin mutum, ta idonsa ake kallo, hannu da bindiga kawai ake gani. Ya nemi sanda a sama, babu. Ku kun san irin wasan. Ba sanda, ba zuciya, ba lamba. In aka harbe ka gefen gilashi ya yi ja, ka ji bugun zuciya dum dum, hoto ya dushe. Sai ka ruga bayan bango ka tsuguna. Kana nan tsugune jan ya washe, ka tashi garau. Wani saurayi na wasa, Baba Illo na tsaye a kansa, ya ga haka sau da yawa.

"Wane magani yash sha?"

Kafin in buɗe baki saurayin ya ce, "Ba magani, Baba. Ɓoyewa kawai aka yi bayan bango."

Na bi Baba Illo har rumfarsa ina rantsuwa. Ya ce ai sabuwar ta fi tsohuwar sani, ni da bakina na yabe ta. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan hanyar ta nuna rai, ban san shi ba, amma na tsine wa dabararsa a ranar. Ina za ka liƙa sikoci a kan abin da babu shi?

Baba Illo ya ajiye ƙwaya. In kansa ya sara, ko ya ga duhu-duhu a gefen ido, sai ya tafi bayan rumbu ya tsuguna. Wani lokaci ciwon kan ya lafa da kansa, sai ya fito yana murna. Har a kasuwa an gan shi tsugune bayan bangon mahauta, mai son igiya na tsaye yana jira ya gama warkewa. Habsu ta yi kuka, majo ya yi magana, liman ya yi magana. A bayan rumbun nan aka tsince shi wata safiya, baki ya karkace, hannun hagu ba ya ɗagawa. Aka kai shi babbar likita, wato babban asibiti, ya yi kwanaki, aka dawo da shi gida da tarin magani. Ya rufe baki gam. Ya ce shi ba zai haɗiyi komai ba sai an nuna masa ransa.

Habsu ta zo har Madawa ta same ni. Ba ta kawo yashi ba, da ma ta kawo da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya kawai ta ce, "Ka san yadda za ka yi."

Ban sani ba. Amma na jawo matacciyar tele daga ƙarƙashin gado, na goge ta, na naɗe ta a bargonta na hau mota. A hanya na sayi takarda rawaya irin ta 'yan lakwal, 'yan makarantar boko. A zauren gidansu na yanke ta doguwa daidai yadda sandar take, na manna a saman gilashi, na rufe ta da baƙin sikoci sai ɗan abin da bai fi faɗin babban yatsa ba. Ɗan damben ne ba ni da shi. Na shiga da ita haka nan, ina shirya ƙaryar da zan yi, cewa tsohon gilashin ya fita zagaye.

Yana kwance a kan gadon kara, ya rame, an jingina shi da bango. Na dire tele a kan turmi a gabansa. Ba gurup, ba waya. Hasken rana na shigowa ta ƙofa yana sauka a kansa. Na buɗe baki zan fara ƙaryata sai na ga ya ƙura wa gilashin ido. Na leƙa. A cikin baƙin gilashin akwai tsoho mai farin gemu, ƙirji a waje, kafaɗa ɗaya ta faɗi, baki a karkace, da ɗan guntun rawaya a kansa.

Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na sunkuya.

"Wanga tsoho wa na?"

"Kai na, Baba."

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, na cikin gilashi ya ɗaga. Ya sauke, ya sauke. Ya daɗe yana kallonsa.

"An buge shi ƙwarai," ya ce. Sannan, "Habsu, kawo ƙwayar."

Ta ba shi da ruwa a ludayi, rabin ruwan ya bi gemu. Ya haɗiye, ya mayar da ido kan sandar yana jira. Ni ma na tsaya kamar wawa ina jira. Ba wurin ɓoyewa, ba halin a ce masa ya juya baya. Sai na sa farce a gabansa, rana tsaka, na ɗaga bakin sikocin, na ciro reza na yanke ɗan siriri. Rawayar ta ƙaru kaɗan. Habsu ta rufe baki da mayafi. Na san ko sanda ba ya iya ɗagawa ya buge ni, kuma da ya iya da na fi jin daɗi.

Ya kalli guntun sikocin da ke manne a yatsana, ya kalle ni.

"Ashe da hannu aka ƙara shi."

"Da hannu, Baba."

Ya lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke shi.

"To bar ta nan. Kai kuma ran kasuwa ka riƙa zakkuwa da hannun naka."